Abin da na tsinta daga hirar masu ɗaukar hoto

Shawarar da kowa ya yi na'am da ita ita ce ta haske. A fita da sanyin safiya, ko sa'a guda kafin faɗuwar rana. A lokacin haske yana zuwa ta gefe, inuwa ta miƙe, tudu da kwari su fito sarai. Rana tsaka kuwa tana wanke launi, ta bar baƙar inuwa ƙarƙashin idon mutum. Na gwada, bambancin ba kaɗan ba ne.

Sai tsari. A kunna layukan da ke raba allo gida 9, kada inda sama ta haɗu da ƙasa ya zauna a tsakiya. A sa dutse ko bishiya daga gaba don hoton ya yi zurfi.

Masu kyamara sun ce ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) da f/8 zuwa f/11 (faɗin kafar da haske ke shiga kyamara) sun wadatar ga fili da tsaunuka. Mai waya ya goge gilashin, ya matsa kusa maimakon zuƙowa.

An ɗan yi gardama kan ɗaukar hoton mutane a titi. Ni ina bayan masu cewa a nemi izini tukuna, balle idan yara ne.