Hawan Dutsen Chappal Waddi: waɗanda suka taɓa zuwa daga Zariya, ku ba mu labari

Daga Samaru:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Mu abokai ne da muka saba hawan Dutsen Kufena a ƙarshen mako, kuma yanzu muna shirin zuwa Chappal Waddi a Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mai mita 2,419, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti kan iyakar Kamaru. Muna roƙon duk wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Daga Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, Malam. Ku sani cewa hanyar zuwa gindin dutsen ta fi hawansa cin rai. Mun bi ta Pambeguwa da Saminaka muka faɗa Jos, daga nan Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, Bali, har Serti, inda hedikwatar gandun take, kuma a nan ake neman izinin shiga. Bayan Mayo Selbe mota ke fara hawan tsaunin Mambila, kwana bisa kwana, har Nguroje. Daga nan kuwa kwalta ta yi muku sallama, sai jar ƙasa da duwatsu da ramukan da ruwa ya zaizaye, kuma 'yan acaɓa ne suka kai mu ƙauyen Njawai. Sau da yawa mukan sauka mu tura babur a hayi, ko mu tuɓe takalma mu ƙetare rafi da kaya a ka.

Daga Wusasa:

Ɗan uwana na Samaru, kada Kufena ya ruɗe ku. Kufena fa ne tsirara, kana ganin inda za ka sa ƙafa, kana kuma hango gari a bayanka. A can kuwa, da muka je a ƙarshen damina, ciyawa ta shanye turbar gaba ɗaya, a wasu wuraren ta wuce kan mutum, har na gaba yakan ɓace wa na baya alhali tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba. Raɓar safe takan jiƙa wando sharkaf, kaifin ciyawa yana yankar hannu, kaska kuma tana maƙalewa a ƙafa, saboda shanun Fulani suna kiwo a tuddan. Abin da ya fi ruɗarwa shi ne turbobin shanun nan, domin sun fi ta mutane fitowa sarai, amma rafi ko ruga suke kaiwa. Ɗan jagoranmu, da addarsa a hannu, shi ya riƙa rarrabe su. A ganina, shiga wurin ba tare da ɗan gari da jami'in gandun daji ba ganganci ne. Idan da mai jin Fulatanci a cikinku, ku riƙe shi da kyau.

Daga Sabon Gari:

Malama ta faɗi gaskiya, sai dai lokacin da suka zaɓa ne ya tsananta musu. Mu a watan Janairu muka je, bayan makiyaya sun ƙone ciyawa, turba ta fito fili, rafuka sun ja baya, babur ma bai sha wahalar taɓo ba. Abin da muka biya shi ne toka a ido da hazon da ya rage mana hangen nesa a ƙololuwa. Sanyin dare kuwa, hunturun Zariya bai kama ƙafarsa ba, don haka ku tafi da tanti da bargo mai kauri.

Daga Kongo:

Ƙari kan na Alhaji, waya takan daina aiki, saboda haka ku sanar da gida tun daga Nguroje, ku kuma riƙe tsabar kuɗi don 'yan acaɓa da masu dako. Guzurinmu garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli da dabino, ruwan rafi kuma sai mun tafasa muke sha. Ku yi yarjejeniya da masu babur kan ranar da za su dawo ɗaukar ku tun kafin su juya.