"Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho": har a bakin kabari?

Ɗan Ringim: Jama'a, ku warware mini wannan. Da tankar mai ta kama da wuta a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, a Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu, yawancinsu wajen kwasar man da ya malala. Maimakon "Allah ya jiƙansu", sai na ga wasu suna jefa wannan karin maganar. Amma mutanen ƙauyen Tudun Biri na jihar Kaduna da bam ya faɗa wa a wurin Mauludi a Disamban 2023, kowa addu'a ya yi musu. Ashe rai ma akwai na tausayi da na zargi?

Baba Direba: Ɗana, gaskiya ɗaci gare ta. Na Tudun Biri ba su je neman komai ba. Su kuwa na Majiya, 'yan sanda sun yi ta korar mutane, aka dawo da bokitai da jarkoki. Bayan wata 3 aka maimaita a mahaɗar Dikko, jihar Neja. In aka yi shiru, gobe ma za a kwasa.

Maman Khalifa: Baba, da girmanka, ban yarda ba. Ranar nan litar fetur ta kai kusan naira 1,000, tun cire tallafi a 2023 take hawa. Magidancin da ya bar gida ba ko ƙwayar hatsi, ya ga mai yana gudu a kwata, ba ganganci kaɗai ya kai shi ba. Akwai ma waɗanda suka shiga ceton 'yan uwansu wutar ta haɗa da su. Su wace "bari" suka ƙi ji?

Malam na Gwale: Maganar ta masu rai ce. Ana faɗa wa yaro ita kafin ya taɓa garwashi, ba a faɗa wa uwarsa ranar zaman makoki. Kuma hohon nan jaje ne, wato ko wanda ya ƙi ji ana jajanta masa. A hadisin Nana A'isha, Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Baba Direba: Na karɓa, Malam, ba a kan gawa ba. Amma a tasha da masallaci zan ci gaba da faɗa.

Maman Khalifa: Faɗa, Baba. Sai dai a haɗa da masu tankokin da masu gyaran hanya, su ma an sha ce musu bari.