Tsohuwar mota Alfa Romeo ƙirar 1971 da zan je gani ranar Asabar: wanda ya taɓa sayen irinta ya ba ni labari

Ɗan Zango a Brescia

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekarata 22 a Brescia, nan Italiya, kuma kusan duk shekara sai na tsaya a Viale Venezia na kalli tsofaffin motocin tseren Mille Miglia suna tashi zuwa Rum. A can kukan injin Alfa ya fara shiga raina. To, yanzu Allah ya kawo wata: GT 1300 Junior ƙirar 1971, a wani ƙauye kusa da tafkin Garda. Mai ita ya rasu, ɗansa ke sayarwa. Lambarta baƙa ce ta asali mai BS, alamar Brescia, hannu ɗaya ta zauna tun tana sabuwa, kuma a tallar an rubuta conservata, wato ba a taɓa kwance ta an sake ta ba. Kuɗin da zan zuba tarin shekaru ne. Don Allah duk wanda ya taɓa sayen irin wannan mota ya faɗa mini yadda tasa ta kasance.

Bakanike a Modena

Wa'alaikumussalam, Yaya. Ka tafi da abu uku: maganaɗisu, tocilan, da kwalin da za ka shimfiɗa ka kwanta a ƙarƙashinta.

Bara na raka wani abokin cinikinmu ganin wata Alfa 1750 GTV. Ja jawur, tana sheƙi, mai ita har ya goge tayoyin da mai. Tun daga bakin ƙofa abokina ya gama saye a zuciyarsa. Na naɗe maganaɗisu a cikin hankici don kada in karce fenti, na fara bi da shi. A saman ƙofa ya kama gam. Da na sauko dogarin da ke ƙarƙashin ƙofar direba, sai ya sulale ya faɗi ƙasa. Na sake ɗorawa, ya sake faɗuwa. Babu ƙarfe a wurin, ƙullin ciko ne aka shafe da kaurin yatsa aka bi da fenti. Na buɗe but na ɗaga safayar taya, na haska ramin, sai ga simintin garejin ina gani ta cikin huda. Mai motar bai ce uffan ba, mu ma muka yi masa sallama.

Inji ba ya ba ni tsoro a waɗannan motoci. Injin alminiyon ne mai sandar kam biyu a sama, wanda Giuseppe Busso ya zana, ya fito a 1954 kuma Alfa ta yi shekaru kusan 40 tana amfani da shi. Kayansa na nan a kasuwa, kowane tsohon bakanike a nan ya san shi kamar yunwar cikinsa. Jiki ne ke cin kuɗi. Walda a dogari da daɓen ƙasa da wuraren kafa jak na iya fin kuɗin motar kanta, kuma da zarar an yanka an sake fenti, ta tashi daga conservata har abada. Gara fenti ya dushe, ya yi tabo nan da can, in dai na kamfani ne.

Ka ce kada su tayar da ita kafin ka iso. Ka dafa injin ka ji sanyinsa. Ka buɗe murfin baƙin mai: in ka ga fari-fari kamar kindirmo, ruwa na haɗuwa da mai. A kan hanya kuma ka sauko daga giya ta uku zuwa ta biyu, a nan ake jin giyar in ta gaji.

Mazaunin Vicenza

Ni takarda ce ta ci ni. Na sayi Alfa Spider daga hannun wani da ya nuna mini libretto, wato takardar rajistar mota, da komai, muka yi ciniki cikin mutunci. Sai a wurin canjin suna na ji akwai fermo amministrativo, wato takunkumin hukuma, a kanta, saboda bashin hukuma da ke wuyansa. Ba ta da izinin hawa titi sai an biya. Wata bakwai tana zaune a gareji ina bin mutumin a waya. Yaya, ka karɓi lambar motar yau ɗin nan ka ciro visura ta PRA, wato takardar bayanan mota daga ofishin rajistar motoci, 'yan yuro kaɗan ne. Kuma tunda gado ce, ka tambaya ko magada nawa ne, ko duk sun sa hannu. Kada ɗa ɗaya ya sayar maka da abin da 'yan'uwansa ke da haƙƙi a ciki.

Maman yara a Milan

Allah ya sa alheri, ɗan'uwa. Tamu Spider ce ta 1967, mai zagayayyen baya, wadda Italiyawa ke kira osso di seppia. Ni da maigida muka haɗa kuɗi muka saya, kuma ni na nace a nemo takardar asalinta daga ma'ajiyar tarihin Alfa kafin a biya. Ana ba su lambar da ke buge a jikin ƙarfen motar, su duba littattafan kamfani su faɗi ranar da aka ƙera ta da launin da ta fito da shi. Mu a ja muka gan ta. Takarda ta zo ta ce fara ce. Maigida ya ɗaga robar bakin but, sai ga farin fenti a ɓoye. Mun saya duk da haka don jikinta lafiya lau yake, amma an yi mana ragi mai yawa, kuma mun san abin da muke riƙe da shi. Wannan lambar ka duba ta da idonka, ka gwada da ta libretto harafi bayan harafi. Ana yi wa irin taka kwalliya a ce GTA ce, wato samfurinta na tsere, alhali GTA ta gaskiya fatar jikinta alminiyon ce, maganaɗisun malam na Modena ba zai kama ta ba ko kaɗan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da muka kai yara gidan tarihin Alfa a Arese, nan bayan Milan. Ƙaramin ya daɗe yana tambayata macijin da ke kan sitiyari na mene ne. A can ya gane: jan kuros ɗin tambarin birnin Milan ne, macijin kuma na gidan Visconti da suka mulki birnin. A Milan aka kafa kamfanin a 1910 da sunan A.L.F.A., Nicola Romeo ya karɓe shi a 1915, daga baya sunansa ya shiga. Mun tsaya a gaban Alfetta, irin wadda Giuseppe Farina ya ci gasar Formula 1 ta farko da ita a 1950, Fangio ya biyo baya a 1951. Shi kansa Enzo Ferrari direban Alfa ne kafin ya yi nasa sunan. Labarin ganyen nan mai kunne huɗu da ke jikin motocin tseren Alfa kuwa ya sa ni shiru. Ugo Sivocci ya zana shi a motarsa ya ci tseren Targa Florio a 1923, a shekarar kuma ya rasu a Monza yana gwajin wata motar da ba ta da shi. Muna komowa gida yaron ya je ya shafa tambarin da ke hancin tamu. Kai da kake Brescia ma ka sani, sau 11 Alfa ta ci Mille Miglia. Taka kuma zanen Giorgetto Giugiaro ce, tun yana saurayi a kamfanin zanen motoci na Bertone.

Direban tirela a Bergamo

Ina da ja a kan magana ɗaya ta malam na Modena. Kafin a ce a tayar, a tambaya yaushe rabonta da titi. Tawa shekara 18 ta yi a rufe. Na yi murna da ƙarancin kilomita, muka sa sabon batir muka murza makulli. Tsatsar tanki ta bi ta cika kabureta biyun, birki ya kame, tiyon ruwa ya fashe kafin mu fita layin. Tayoyi zanensu kamar sababbi, amma robar ta bushe ta tsattsage. Motar da ake ɗan zagayawa da ita duk mako ta fi wadda aka lulluɓe aka manta. Abin daɗin shi ne tunda ta haura shekara 30 ba na biyan cikakken bollo, wato harajin mota, kuma da na yi mata rajista da ASI, ƙungiyar tsofaffin motoci ta Italiya, inshora ta yi mini sauƙi.

Bakanike a Modena

Gaskiyarka, Alhaji. In ta daɗe a zaune kada a murza. A cire filogi, a ɗiga mai a kowane rami, a juya injin da hannu tukuna.

Ɗan Zango a Brescia

Na dawo, 'yan'uwa, Allah ya saka wa kowa da alheri. Visura ta fito fes, magada biyu ne kuma dukansu na nan. Rabonta da titi tun 2011, saboda haka ban bari an tayar ba. Maganaɗisu ya kama ko'ina sai wani wuri kamar faɗin tafin hannu a saman tayar baya ta dama, ɗan ya ce mahaifinsa ya taɓa gogar ƙofar gareji. Ramin safaya akwai jan tsatsa a sama, na danna da sukundireba bai lotsa ba. Fentin saman boneti ya dushe, kujerar direba ta ɗan tsage a gefe.

A cikin akwatin gaban mota na tarar da ƙananan littattafai uku ɗaure da roba. Dattijon ya rubuta duk juyen mai da duk canjin taya da hannunsa, da kwanan wata da kilomita, tun daga 1971. A shafukan ƙarshe rubutun har rawa yake yi. Ɗan ya ce su ma su bi motar.

Na ba da kafin alƙalami, sauran sai takardar asali ta iso. Malam na Modena, in ta tabbata, a bayan motar ɗauka za ta zo maka. Ka duba tanki da birki da tiyo, amma don Allah kada a taɓa fentin.