Me za mu kira salamanda da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamaina. Ina rubuta shirin rediyo na yara a kan kwaɗi da danginsu, ranar Alhamis za a ɗauka. Kwaɗo da talibambam ba su ba ni wahala ba. Inda na cije shi ne halittar nan da Turawa ke kira salamanda: doguwar wutsiya, gajerun ƙafafu huɗu, fata mai laima. Babu ita a Afirka kudu da Sahara, sai can Maroko da Aljeriya da Tunisiya, shi ya sa kakanninmu ba su raɗa mata suna ba. A taimaka.

Ɗan jarida: Ƙadangaren ruwa. Da ganin hotonta ka san sunanta ke nan.

Malamar bayoloji: Kama da wane ba ta wane, ɗan'uwa. Ƙadangare fatarsa busasshiya ce, yana da farce, ƙwansa na da ɓawo, kuma a tudu yake ajiye shi. Salamanda ba ta da farce, ƙwanta irin na kwaɗo ne, lulluɓe da yauƙi, da ya bushe ya mutu. Fatarta ma numfashi take yi da ita. Dangin salamanda mafi yawan jinsi ko huhu ba su da shi. Sannan in ka ce wa yaro ƙadangaren ruwa, guza zai hango.

Dattijo: To ga mafita: kwaɗangare. Jikin ƙadangare, halin kwaɗo. Shekara da shekaru ina ɗauke da kalmar nan a raina. Ku furta ta ku ji yadda take zama a baki.

Ɗalibar jami'a: Baba, kalmar na da daɗi, amma Hausa ba ta cika yanke kan wata kalma ta liƙa wa gindin wata ba. Mu harɗawa muke yi, kalma biyu cikakku. Ni da za a bi tawa, kwaɗo mai wutsiya. Haka ma masana suka raba su: sunan rukunin kwaɗi ma'anarsa marasa wutsiya, na salamanda kuma masu wutsiya.

Dattijo: 'Yata, Larabawa sun haɗa barru da ma'u, wato tudu da ruwa, suka fitar da barma'i, kuma har gobe da shi suke koyarwa. Su an yarje musu, mu an hana mu? Duk abin da Bahaushe ya ƙera da hannunsa sai 'ya'yansa su fara raina shi. Wannan ke ci mini rai.

Ɗan jarida: Ba raini ba ne, ranka ya daɗe. Mota da asibiti da rediyon da za a yi shirin a ciki duk aro ne, Hausa ba ta ragu ba. Bature kansa aro ya yi, salamanda daga Girkanci ta biyo ta Latin ta iso gare shi.

Dattijo: Don Bature ya ci bashi ba dole mu ci ba.

Malamar bayoloji: Mu koma kan dabbar, baiwar Allah na jiran mu. Kwaɗo mai wutsiya na da matsala: talibambam ma kwaɗo ne mai wutsiya kafin jikinsa ya shanye ta. Kuma wajen haihuwa sun rabu. Namijin kwaɗo kuka yake yi ya kira mace, ya hau bayanta ya ƙanƙame, tana zuba ƙwai yana zuba maniyyi a kai, haɗuwar a waje take. Masu santsin fata sukan tara ƙwan dunƙule, masu ƙurajen fata kuma su ja shi dogo kamar zaren carbi. Galibin salamanda ba haka ba: ba kiran kuka, namiji ya ajiye ɗan ƙunshin maniyyi a ƙasa, mace ta bi ta kai ta ɗauke shi da mafitarta, ƙwan ya haɗu a cikinta. 'Ya'yanta kuma tun suna ƙanana siffar iyaye gare su, sai dai ’yan gezar numfashi a gefen wuya. Akwai wata a tafkin Xochimilco na Meziko, aksolotal, da ke balaga har ta hayayyafa ba ta zubar da gezar ba, in ƙafarta ta guntule kuma wata ta tsiro. Wata salamandar ƙasar Sin kuma tsawonta na iya kai kusan mita 1.8. Abu irin wannan ka ce wa yaro kwaɗo ne kawai, ka tauye shi.

Mai tambaya: Malama, Allah ya saka. To sunan da ya game su duka fa, amfibiyan? Na rubuta 'yan ruwa da tudu.

Ɗalibar jami'a: Kada da dorina ma ruwa da tudu suke, kuma ba sa ciki. Masu rayuwa biyu ya fi, shi ne ma'anar kalmar a Girkanci.

Malamar bayoloji: Ya fi, amma bai rufe ba. A dutsen Nimba, kan iyakar Gini da Laberiya da Kwaddibuwa, akwai ƙaramin kwaɗon da ke haifar 'ya'ya cikakku, ba ya bi ta ruwa. Jinsi fiye da 8,000 ne, da wuya suna guda ya ɗauke su. A shirin yara, dangin kwaɗo ya wadatar.

Dattijo: Kun ga ni? Da kun karɓi kwaɗangare da an rage aiki.

Mai tambaya: Baba, ga abin da zan yi. Zan ce salamanda, farkon ambato in bi ta da bayani: 'yar'uwar kwaɗo mai wutsiya, mai kama da ƙadangare. A ƙarshen shirin zan faɗi kwaɗangare, in ce shawarar wani dattijo ce, in tambayi yaran ko ta yi musu.

Dattijo: Ban gamsu ba, amma na yarda a kai wa yaran. Ki furta ta da kyau, ɗ ce mai lanƙwasa, kada a ji kwadangare.

Ɗalibar jami'a: Yaya, maganar amfibiyan kuma tana nan, ba mu rufe ba. Bayan Alhamis zan sake tayar da ita.