A yi shiru a aurar da ita, ko a kai magana gaba?

Mai Unguwa: Salamu alaikum. Ni dai ina nan a kan bakana. Yarinyar da ta kuɓuto daga hannun Boko Haram, ko wadda aka yi wa fyaɗe a sansanin gudun hijira, gatanta shi ne a rufa mata asiri, a samo mata miji. Kai ta wurin 'yan sanda tonon silili ne. Idan unguwa ta ji, wa zai aure ta?

Ma'aikaciyar jinya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma shirun nan ɓarna yake yi. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72 yake amfani, a ci gaba har kwana 28. Na hana ɗaukar ciki kuma sai an sha shi cikin kwana 5. Mu abin da muke gani, a kulle yarinya a ɗaki, sai ciki ya fito ko ciwo ya ci ƙarfinta a kawo ta cikin dare. Kuma zuwa asibiti ba ya tilasta wa kowa kai ƙara.

Malamin Islamiyya: Tsoron Baba ba a banza ba ne. Waɗanda suka dawo daga Sambisa ana kiran su matan Boko Haram, har 'ya'yan da suka haifa ana gudu. Sai dai wannan laifin bakinmu ne. A shari'a wadda aka tilasta ba ta da zunubi, a duba aya ta 33 a Suratun Nur.

Lauya: Malam, ka bar rabin maganar. Ba 'yan daji kaɗai ke yi ba. A 2016 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tattara bayanan mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu ta hanyar fyaɗe ko lalata a sansanoni 7 na Maiduguri, kuma waɗanda aka zarga har da sojoji, 'yan sanda, 'yan sa-kai da shugabannin sansani. Idan aka yi shiru, mutumin nan gobe yana bakin ƙofa yana rabon abinci.

Mai Unguwa: To Barista, a cikinsu nawa ka ji an ɗaure?

Lauya: Nan kam ka kama ni, Baba. An sanar da kama wasu, daga nan labari ya yi sanyi. Amma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wato VAPP, tana nan, Borno ta amince da ita a 2022, kuma hukuncin fyaɗe a cikinta yana kaiwa ɗaurin rai da rai.

'Yar Bama: Ku yi haƙuri iyayena, duk kun tsallake farkon abin. Na zauna a sansani. Banɗaki ba sakata, ba fitila, mace ta riƙe fitsari har gari ya waye. Itace sai an fita bayan gari. Katin abinci yana hannun maza, wadda 'ya'yanta suka kwana da yunwa aka ce ta zo da dare ta karɓa, me za ta ce? A ba mata katin a hannunsu, a sa mata cikin masu rabo da masu tsaro. Sannan auren nan da Baba yake faɗa, an tambaye ta? Wata da aka aurar a gabana, duk ranar da suka saɓa da mijin sai ya goranta mata daji.

Mai Unguwa: 'Yata, asibiti na yarda, sakata da fitila ma na yarda. Kotu kuwa, sai ranar da na ga an ɗaure mai kaki.

Lauya: Ba mai ƙara, Baba, alƙali zai ɗaure wa?