Me za mu ce wa "assignment" a cinikin manhaja?

1/ Jiya ƙanena da ke rubuta manhaja a Kaduna ya turo mini yarjejeniya in mayar masa da ita Hausa, don Alhajin da ya ba shi aiki ya ce ba zai sa hannu a abin da bai gane ba. Komai ya tafi sumul har na iso kan kalmar assignment. Nan alƙalami ya ƙafe. Ba fa aikin gida na 'yan makaranta ake nufi ba. Ita ce lauyoyin Nijar ke ce wa cession da Faransanci.

2/ Ga yadda abin yake. Manhajar lissafin siminti ce ta shago. A ganin Alhaji, in ya biya kuɗinsa cif magana ta ƙare. Amma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta a sahun ayyukan rubutu, kamar littafi, kuma haƙƙin yana hannun wanda ya rubuta tun daga farko, sai in yarjejeniya ta ce ba haka ba. Haƙƙin kuma ba ya komawa ga wani da fatar baki, dole sai a rubuce. Wannan komawar ce nake nema wa suna.

3/ Na fara da "miƙawa". Ba ta yi ba. Yaron nan zai iya miƙa fayiloli, da kalmomin sirri, da ma'ajiyar GitHub ɗin (shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja) baki ɗaya, haƙƙin kuwa yana nan a aljihunsa. Ai ɗan haya ma ana miƙa masa makulli.

4/ "Sayarwa" fa? Ana iya yin abin nan kyauta, ba sisi. Sannan bakinmu ya saba cewa "na sayi Windows", alhali lasisi ne Microsoft ya ba mu.

5/ Wadda ta fi jan raina ita ce "sallamawa". Duk wanda ya taɓa ciniki a kara ya san ta. Ka taya, mai rago ya ce albarka, ka ƙara, ya yi shiru yana shafa gemu, can ya ce "na sallama". Daga wannan kalmar igiya ta koma hannunka, in ragon ya faɗi a hanya asararka ce. Na so ta ƙwarai, har na rubuta "sallama haƙƙi" na zauna ina kallonta.

Sai ƙanen nawa ya yi dariya ya ce, "Yaya, in Alhaji ya ga sallama a takarda, zai ɗauka cikon kuɗina nake nema." Gaskiyarsa. A bakin masu aikin hannu, "a sallame ni" na nufin a biya ni. Ana sallamar ma'aikaci, ana sallamar mara lafiya daga asibiti. Kalma mai fuska da yawa haka ba ta kai wa gaban alƙali lafiya.

6/ Wani ya ce "canjin suna", kamar na takardun mota. Wannan ma da gyara, domin suna ne abin da ba ya canjawa. Ko bayan an gama komai, doka ta bar wa marubuci haƙƙin a san shi ne ya yi aikin.

7/ Inda na tsaya: MALLAKARWA. Daga "mallakar da", wadda malamai suka daɗe suna amfani da ita a babin ciniki da kyauta: abu ya fita daga mallakarka, ya shiga ta wani. Ba ta damu da ko an biya ko ba a biya ba, kuma tana zama daram kusa da lasisi, wanda shi ɗan uwan haya ne ko aro.

8/ A kula, mutum ba ya mallakar da abin da ba nasa ba. Guntayen manhajar da yaron ya ɗauko daga waje ƙarƙashin lasisin MIT ko GPL, masu ba kowa izinin amfani bisa sharaɗi, suna nan a hannun masu su, sai a lissafa su daban.

9/ Ga abin da na sa a takardar: "Da zarar an biya cikon kuɗi, mai rubuta manhaja ya mallakar wa wanda ya ba da aikin dukan haƙƙin mallakar manhajar, ban da sassan da aka lissafa a shafi na 3." Alhaji ya karanta sau biyu, ya ce a kawo biro.

Saura source code, wato ainihin rubutun da ake gina manhaja da shi. Na rubuta "tushen manhaja" na wucin gadi, amma har yanzu bai kwanta mini ba. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku me kuke cewa?