Bashin banki kaɗan, bashin haya mai yawa: yaya ake auna nauyin da ke wuyan kamfani kafin a sayi hannun jarinsa?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, kuma shekara uku ke nan da na fara zuba wani abu daga ribar shago a hannayen jarin kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Ghana. A da ba na duba komai sai farashi da kuma rabon ribar ƙarshen shekara, amma tun da na ga yadda aka sauya wa mutane takardun bashin gwamnati a ƙarshen 2022 da farkon 2023, aka ɗage musu lokacin biya, na daina sayen abin da ban san cikinsa ba.

Makon jiya ɗana da ke karatu a jami'ar KNUST ya bugo mini rahoton shekara na wani kamfani da nake son ƙara jari a cikinsa, shafi fiye da ɗari, na zauna da shi bayan sallar isha'i har dare uku. Bashin da bankuna ke bin kamfanin bai tayar mini da hankali ba, domin kaɗan ne. Sai dai a ƙarƙashinsa akwai wani layi na bashin haya, wanda ya kusa ninka na banki sau uku. Tambayata ita ce, shin wannan bashi ne na gaske da ya kamata in haɗa shi da na banki, ko kuwa lissafin akantoci ne kawai a takarda? Kuma idan na haɗa su, da wane ma'auni zan gane cewa nauyin ya fi ƙarfin kamfanin?

Alhaji Mai Goro ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, a ganina haya ba bashi ba ce. Ni da kai duk muna hayar shago, kuma ba wanda zai ce ana bin mu bashin shekara biyar masu zuwa. Idan kasuwa ta ƙi, mutum ya kwashe kayansa ya mayar wa mai shago makulli, magana ta ƙare. Banki kuwa ba ya karɓar makulli. Ni dai bashin banki nake dubawa, kuma da shi nake yanke shawara.

Akantan Asawase ya rubuta:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganarka daidai ce game da irin hayar da muka saba da ita a nan Kumasi, inda mai gida ke karɓar kuɗin shekara ɗaya ko biyu tun kafin a ba ka makulli. Wanda ya riga ya biya ba a bin sa komai. Hayar manyan kamfanoni kuwa akasin haka take, domin suna sa hannu ne a kan yarjejeniyar shekara biyar ko goma ko fiye, ana biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma galibi ba a fita daga cikinta sai da tara mai nauyi. Ko da a ce ana iya fita, a tambayi kai ko kamfanin zai rayu idan ya fita. A ƙarshen 2010 aka sanar da yarjejeniyar da MTN Ghana ya sayar da turakun sadarwarsa ga wani kamfanin haɗin gwiwa da American Tower, sannan ya koma yana hayarsu. Kamfanin waya ba zai mayar da makullin turakun da layukansa ke tafiya a kansu ba, kamar yadda kamfanin mai ba zai bar filayen da gidajen mansa ke kai ba.

Saboda haka ne aka sauya ƙa'idar lissafi. Kafin 2019, yawancin irin wannan haya ba ta fitowa a jadawalin kadara da bashi, sai a can cikin bayanan ƙarshen rahoto inda ba kowa ke kaiwa ba. Daga 1 ga Janairun 2019 ƙa'idar IFRS 16 ta fara aiki, kuma kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Ghana da waɗannan ƙa'idoji na duniya suke shirya rahotonsu. Yanzu dole kamfani ya rubuta haƙƙin amfani da abin da ya yi haya a matsayin kadara, ya kuma rubuta kuɗin da zai biya nan gaba a matsayin bashi. An yafe masa ne kawai a hayar da ba ta wuce wata 12 ba da kuma ta ƙananan kayayyaki marasa tsada.

Malam Ɗan Aboabo, abin da nake so ka lura da shi sosai shi ne, adadin da ka gani a wannan layi ba shi ne jimillar kuɗin da za su fita daga aljihun kamfanin ba, ya gaza haka. Ana ɗaukar kuɗin da za a biya a shekaru masu zuwa ne a rage musu daraja gwargwadon kuɗin ruwan da kamfanin zai biya da a ce rance ya ci. Ga misali na ƙirƙira don a fahimta. Kamfani ya kama rumbun ajiya na shekara 5, zai riƙa biyan sidi 100,000 a ƙarshen kowace shekara, wato sidi 500,000 gaba ɗaya. Idan an yi lissafin da kuɗin ruwa na kashi 10 cikin 100, bashin da za a rubuta zai kai kimanin sidi 379,000. Idan kuwa an yi shi da kashi 20, sai ya sauko zuwa kimanin sidi 299,000, alhali mai rumbun ba zai yafe ko fesuwa ɗaya daga cikin 500,000 ɗinsa ba. A ƙasa irin tamu da kuɗin ruwa ke da tsada, wannan yana sa bashin haya ya yi kama da ƙarami a takarda. Don haka ka nemi jadawalin da ke cikin bayanan ƙarshe, wanda ke nuna ainihin kuɗin da za a biya cikin shekara ɗaya, da tsakanin shekara ɗaya zuwa biyar, da kuma bayan shekara biyar.

Akwai kuma wani wuri da ke ruɗa mutane da yawa, har da waɗanda suka yi karatun boko. A da kuɗin haya yana cikin kuɗin gudanarwa, ana cire shi kafin a faɗi ribar aiki. Yanzu an raba shi gida biyu, wani sashe ya zama raguwar darajar kadara, wani ya zama kuɗin ruwa. A misalin da na kawo na kashi 20, a shekarar farko kowane sashe zai kai kimanin sidi 59,800, wato kusan 119,600 gaba ɗaya, fiye da 100,000 da aka biya a zahiri, sannan adadin ya riƙa raguwa a shekarun da ke biyowa. Haka kuma a jadawalin shige da ficen kuɗi, uwar kuɗin hayar ana rubuta ta ne a sashen biyan basussuka, saboda haka kuɗin da aka ce aikin kamfani ya samar sai su yi ƙiba. Ni abin da nake yi shi ne in ɗauki wannan adadi, in cire duk abin da aka biya na haya da na ruwan bashi, in ga ko saura zai isa gyaran injina da rabon riba. Idan bai isa ba, ribar da ake raba muku da rance ake biyan ta ko da tsohuwar ajiya.

Hajiya Ta Tafo ta rubuta:

Na yi aikin banki shekaru a sashen ba da rance ga kamfanoni kafin in ajiye, kuma ina goyon bayan duk abin da ɗan'uwa Akanta ya faɗa, sai dai zan ƙara da cewa girman bashi ba shi ne abin da muke fara tsoro ba. Mukan fara tambayar da wane kuɗi aka ci bashin, sannan yaushe za a biya.

A farkon 2022 dala ɗaya tana wajajen sidi 6, amma a watan Nuwamba na shekarar ta haura sidi 13. Kamfanin da ake bin sa dala miliyan 10 ya kwana da bashin sidi miliyan 60 ya tashi da na sama da miliyan 130, ba tare da ya ranci ko sisi ba, alhali da sidi yake sayar da kayansa. Wannan ya shafi haya ma, domin akwai masu manyan gine-gine da ke ƙayyade kuɗin hayarsu da dala. Ka duba sashen da ke magana a kan haɗarin canjin kuɗi, za ka ga an rarraba basussukan bisa ga irin kuɗin. Ka kuma lura da rancen da uwar kamfani da ke ƙasar waje ta ba reshenta na Ghana, wanda sau da yawa ba da sidi yake ba.

Wanda ya ci bashin sidi ma bai tsira ba idan ruwansa mai hawa da sauka ne. Tun 2018 bankuna ke ɗora ruwan rancensu a kan ma'aunin Ghana Reference Rate, wanda ake sabuntawa kowane wata. Hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disambar 2022, Babban Bankin Ghana kuma ya kai ruwansa kashi 30 a Yulin 2023, kuma duk mai irin wannan rance ya ji a jikinsa. Ka raba ribar aiki da jimillar kuɗin ruwa, har da na haya. A ra'ayina, idan ribar ba ta ninka ruwan sau uku ba a shekara mai kyau, to shekara mara kyau za ta cinye ta.

Game da lokacin biya, kamfanin da ake bin sa miliyan 200 a rarrabe cikin shekara takwas ya fi mini kwanciyar hankali a kan wanda ake bin sa miliyan 80 da za a biya gaba ɗaya a watan Maris mai zuwa, babu kuma kuɗin a ƙasa. Sannan akwai sharuɗɗan da banki ke gindayawa, kamar kada bashi ya wuce ninki kaza na riba. Idan kamfani ya karya sharaɗi, banki na iya neman kuɗinsa nan take, bashin dogon zango ya koma na yau da gobe. Daga 2024 an wajabta wa kamfanoni bayyana irin waɗannan sharuɗɗa a rahotonsu. Kada ka tsallake wasiƙar odita, wato mai binciken lissafin kamfani, da ke farkon bayanan kuɗi, domin idan yana shakkar ɗorewar kamfanin, a nan yake faɗa.

Almajirin Malam ya rubuta:

Tunda yawancinmu a nan Musulmi ne, ya dace a ambaci cewa wannan bincike yana da fuskar addini. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idoji ga cibiyoyin kuɗi na Musulunci, ta sa sharaɗin kada bashi mai ruwa ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa, bayan sharaɗin cewa sana'ar kamfanin kanta halal ce. Ita haya a asalinta halal ce, amma yadda za a ɗauki wannan sabon layi na bashin haya a cikin ma'aunin, tambaya ce da ya kamata Malam ya kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki, ya tafi masa da rahoton a hannu.

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma kan rahoton da biro a hannu. Jadawalin da Akanta ya ambata na same shi kusa da ƙarshe, kuma jimillar kuɗin hayar da za a biya a zahiri ta fi wadda ke shafin gaba da nisa, amma fiye da rabinta sai bayan shekara biyar za a biya. Bashin bankin da na raina shi ne ya zama abin dubawa, Hajiya, domin kusan dukansa da dala yake, kuma kaso mafi girma a cikin shekara mai zuwa za a biya shi. Da na cire haya da ruwa daga kuɗin da aikin kamfanin ya samar, abin da ya rage ya ɗan gaza ribar da aka raba mana bara. Na dakatar da sayen tukuna har rahoton rabin shekara ya fito.

Abu ɗaya ne ban gane ba. A wani sakin layi an ce akwai wuraren da kuɗin hayarsu ya danganta da yawan cinikin da aka yi a cikinsu, kuma ban ga an saka su cikin bashin ba.

Akantan Asawase ya rubuta:

Haka ƙa'idar ta tsara, Malam. Hayar da ke hawa da sauka gwargwadon ciniki ba a saka ta cikin bashin, ana rubuta ta ne a matsayin kuɗin da aka kashe a shekarar da aka yi cinikin. Wannan ta fi sauƙi a wuyan kamfani, tunda idan kasuwa ta ja baya ita ma tana raguwa. Adadinta na shekarar yana nan a bayanin da ya shafi haya, tare da na gajeriyar haya, sai ka kwatanta shi da na bara. Ka duba kuma ko akwai wuraren da wa'adinsu ya kusa cika, domin ba a lissafa ƙarin wa'adi sai kamfani ya kusa tabbatar da cewa zai sabunta, kuma ranar da aka sabunta a sabon farashi wannan layi zai yi tsalle.